Kada Ka Raba Hoton da Kwalinsa

Yarona, ka ce in ba ka izini ka jiƙa tsohon hoton nan da aka kawo, ka ɓanɓare shi daga karyayyen kwalinsa, ka manna shi a kan sabo. Ban ba ka ba. Ture kwanon ruwan can gefe, ka jawo kujera.

Ɗauki gilashin ƙara girma ka duba goshin mutumin, inda haske ya fi yawa. Ka ga zaren takarda yana leƙowa daga ƙasa? Ka ga 'yan tsage-tsage sun mamaye ko'ina, farin kuma ya koma rawaya? To, hoton farin ƙwai ke nan a hannunka. Wani Bafaranshe, Blanquart-Evrard, shi ya fito da dabarar a 1850: a shafa wa takarda farin ƙwai da gishiri, sannan a bi ta da ruwan azurfa. Daga wajajen 1855 har zuwa kusan 1890, yawancin hotunan takarda haka ake yin su. Takardar ba ta da kauri ko kaɗan, in an bar ta ita kaɗai nannaɗewa take yi, shi ya sa tun a shagon mai hoto ake manna ta a kwali. Irin wannan girman, kimanin santimita 11 a faɗi, 16 da rabi a tsawo, daga 1866 aka fara yayinsa.

Da ka tsoma shi a ruwa, takardar za ta kumbura, farin ƙwan ma ya kumbura, amma ba tare suke tafiya ba. In sun bushe, tsagar da ka gani ta ƙaru ke nan, kuma ba mai iya mayar da ita. Ɗan jan da aka shafa a kumatun da hannu ma zai iya bin ruwa.

Yanzu juya bayan kwalin. Ga sunan mai hoton, ga adireshin shagonsa, ga rubutun fensir da wani ya yi. Kaurin kwalin, launinsa, da adon gefensa, su ne ke taimaka mana mu ƙiyasta lokacin da aka ɗauki hoton. Ka jefar da shi, ka jefar da shaidar da ta rage. Mu kwalin ba bango ba ne da ake canzawa, ɓangaren hoton ne. Karyewar da ya yi kuwa ba abin mamaki ba ce. Da yawa daga cikin irin waɗannan kwalaye da dusar itace aka yi cikinsu, tana tsami da shekaru, sai su bushe su riƙa ɓalgacewa. Don haka kada ka ƙara ɗaga shi ta kusurwa. Zura masa kwali mai ƙarfi a ƙasa, ka ɗauke su tare.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hotonsa gaba da baya. Sa safar hannu ta roba, don maiƙon yatsa yana zama a fuskar hoto. Kaɗe ƙura da buroshi mai laushi, daga tsakiya zuwa waje. Dauɗar da ke jikin kwalin, a gurza farar kilina ta zama gari, a murza a hankali da yatsa, a kewaye rubutun fensir. Fuskar hoton kuwa kilina ba ta zuwa wurin.

Haɗa karayar shi ne aikin da zai ci maka yini. Gam ɗinmu sitatin alkama ne, a dafa shi, a tace, a bar shi ya huce. Dalilin zaɓarsa ɗaya ne: wanda zai zo bayanmu yana iya warware shi da ɗan danshi. Shafa kaɗan a bakin karayar da siririn buroshi, kaɗan nake cewa, in ka ga yana ƙyalli ya yi yawa. Daidaita ɓangarorin biyu har layin adon gefe ya haɗu. Sai ka kawo takardar Japan mai dogon zare, ka ja mata layi da jiƙaƙƙen buroshi ka yage, kada ka sa almakashi. Gashin da ke fitowa a bakin yagar shi ke kwanciya ya kama kwalin ba tare da tudu ba. Manna ta a baya, inda babu rubutu. Ɗora ƙyallen da gam ba ya kamawa, sannan takarda mai shan ruwa, sannan gilashi da ɗan nauyi. Ka riƙa canza takardar, kada ka ɗaga don leƙe kowane minti, na san halinka. Kusurwar da ta ɓata, a cike ta da kwali marar tsami, launinsa ya yi kusa da na asali, amma mai lura ya gane gyara ne.

Salatif ɗin da wani ya liƙa a da, kada ka fizge shi. Wannan tare za mu yi, don sai an gwada abin narkar da gam ɗin a ɗan lungu tukuna.

Wanda ya kawo hoton zai ce yana so fuskar kakansa ta fito tas kamar sabuwa. Gaya masa gaskiya: azurfar da ta kode ba ta dawowa. Jajayen ɗige-ɗigen nan ma a bar su, sinadarin faranta takarda ɓarnarsa ta fi gyaransa. Abin da yake so a kwamfuta ake yi, a gyara kwafin, a buga masa ya rataye a bango. Na asalin ya shiga ledar foliyesta, ba ta PVC ba, da kwali marar tsami a bayansa, cikin akwati, a wuri mai sanyi da duhu. Danshin iska kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ya fi dacewa, in ya haura 65 fumfuna ta samu ƙofa.

Tashi ka dafa sitatin. In ya huce ka kawo in ga kaurinsa kafin ya taɓa kwalin.