Daga La'asar Zuwa Kashe Fitila

Ɗana, jiya muna kwance ragar gola bayan magariba ka yi min tambayar da na lura ta jima tana cin ranka. Ka ce, "Baba, malamin walda yana da abin nunawa, ga ƙofa ga taga. Malamar ɗinki ga riguna a rataye. Mu fa? Har masu gadi 'mai ƙwallo' suke ce min. Ko in tsamo yara goma sha ɗaya masu ƙafa, in gasa su da atisaye, mu ciyo kofi a cikin gari, a san muna aiki?" Ban amsa maka a filin ba, don sanyi ya sauko, yara kuma suna tsaye suna jiran makullin ɗakin wasanni. Ga amsar a rubuce, ka karanta a natse.

Ɗauki biro mu yi lissafi tukuna. A nan makarantarmu ta kwana ta koyon sana'a ana rufe shagunan koyo ƙarfe 4 na yamma, ana kashe fitilar ɗakunan kwana ƙarfe 10 na dare. Awa 6 ke nan kullum, awa 30 daga Litinin zuwa Juma'a. Ka ɗora wunin Asabar da na Lahadi gaba ɗaya a kai, ka ga sun haura 50. Malamin walda bai samun yaran nan tsawon haka a mako. Yakan wanke hannu ya hau babur ya tafi gida, su kuwa a nan suke kwana. Duk wannan lokacin yana wuyan mu biyu masu kula da wasanni da kuma masu kula da ɗakunan kwana.

Kuma a cikin waɗannan awoyin ake rasa ɗalibi. Na shekara da shekaru ina wannan aiki, ban taɓa ganin yaro ya yanke shawarar guduwa yana riƙe da zarto ko yana taka keken ɗinki ba. Hannu yana aiki, zuciya tana kwance. Sai an tashi, ya koma kan katifa, ya tuna tuwon gidansu, ya tuna abokansa suna can suna samun na kashewa a achaba, ya ga babu wanda ya san sunansa a ɗakin, a nan ne yake fara haɗa jaka. Faɗa ma a lokacin ake yinsa, haka tsallake katanga, haka ƙwaya.

Akwai wani yaro da aka kawo mana daga wajen Wase, yana koyon kafinta. Mako biyu cur, kullum la'asar yana zaune a kan dutsen nan na bayan gola, ya cusa hannuwa cikin rigar sanyi, bai cewa kowa uffan. Na je na zauna kusa da shi, ban tambaye shi dalili ba. Na miƙa masa littafi da biro na ce, "Taimake ni, idona ya fara rauni, rubuta min wanda ya ci da minti nawa." Washegari ya riga ni zuwa fili. A mako na uku ne ya faɗa min yana da sikila, shi ya sa bai gudu, kuma jakarsa a haɗe take tun kwana na huɗu da zuwansa. Shi ya ƙera mana allon katakon da muke rubuta teburin gasa a kai har yau, wanda ka goge shekaranjiya. Manyan 'yan wasa suka koma suna binsa suna roƙo ya duba musu makinsu. Ya gama koyonsa, ya karɓi takardarsa.

To ka ga in ka tsamo goma sha ɗaya, saura fa? Sun zama 'yan kallo, kuma mai kallo yau shi ne mai zama a ɗaki gobe. Na san garin da muke ciki. Jos ce ta ba Najeriya Mighty Jets da suka ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta ɗauka a 2017, kuma kowane yaro mai ƙafa yana ganin shi ne Ahmed Musa na gobe. Ina son wannan zafin, ba na so ka kashe shi. Amma iyayen yaran nan sana'a suka turo su koya, mu kuma aikinmu su kai ranar yaye da lafiyarsu da hankalinsu.

Batun sunan da ake kiranka kuwa, kada ya dame ka, aikin yana da asali. A Amurka akwai shirin gwamnati mai suna Job Corps, an kafa shi a 1964 zamanin Shugaba Lyndon Johnson, yana ɗaukar matasa 'yan shekara 16 zuwa 24, mafi yawansu a can suke ci suke kwana suna koyon sana'a kyauta, kuma suna da ma'aikata irinmu da ake biya musamman don wasanni da nishaɗin bayan aji. A nan gida, horon Man O' War na tarbiyyar matasa ya faro tun 1951 a gaɓar tekun Kamaru, ga makarantarsu nan ta hawan dutse a Shere Hills, kana hango duwatsun daga filinmu. Masu yi wa ƙasa hidima, tun da Janar Gowon ya kafa shirin a 1973, mako uku kawai suke yi a sansani, amma je ka sansaninsu na Mangu ka gani, ba a barin yammacinsu fanko: ga fareti, ga ƙwallo, ga rawar gargajiya tsakanin rukuni da rukuni. Duk wanda ya taɓa tara matasa wuri guda ya kwana da su ya san dalili.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, yadda ake raba 'yan wasa. Kada ka taɓa tsayar da kyaftin biyu ka ce su zaɓa. Na farko, yaron da aka zaɓa ƙarshe ba zai dawo gobe ba. Na biyu, wannan Jos ce. Yaranmu wasu daga Unguwar Rogo da Gangare suke, wasu daga Tudun Wada da Bukuru, wasu daga Langtang da Pankshin da Shendam. Akwai Birom, akwai Angas, akwai Tarok, akwai Hausawa da Fulani. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 wasunsu ba a ma haife su ba, wasu suna goye, amma sun tashi a unguwannin da rikicin ya raba, kuma sun ji labari a gida, kowa da irin wanda aka ba shi. In ka sake su, cikin minti biyu za ka ga fili ya rabu yadda gari ya rabu, ba tare da wani ya yi niyyar haka ba. Sannan ƙeta ɗaya a bakin raga ta isa ta zama wata magana.

Shi ya sa kake ganin gwangwanin nan cike da marafan kwalabe a sito. Na shafa wa cikinsu fenti kala huɗu. In zuba a hula, kowa ya sa hannu bai kallo, kalar da ka ɗauko ita ce ƙungiyarka har ƙarshen wata. Za su yi gunaguni ranar farko, ka toshe kunne. Zuwa mako na biyu za ka ji mai sunan Musulmi yana ƙwala wa mai sunan Kirista kira ya ba shi fasin, su ci, su rungume juna su faɗi ƙasa. Na ga waɗanda suka haɗu ta hanyar marfin kwalba suka buɗe shago tare bayan yaye. Jadawali ma ka duba kowa: kada ka sa wasa lokacin Juma'a, kada ka sa Lahadi da safe, ka busa usur a tsaya in an kira magariba, da azumi kuma ka mayar da gudu bayan an sha ruwa.

Kuma ka fitar da kanka daga tunanin ƙwallo kaɗai. Dara ba ta cin ko sisi: ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa wancan kara, amma na ga ta riƙe yara ashirin har aka buga ƙararrawa. Langa tana fitar da gumi fiye da ƙwallo, kuma ɗan ƙauyen da ake yi wa dariya a fili yakan zama sarki a nan. Ga ludo, ga tebur tenis, ga wasan kwaikwayo daren Asabar, wanda yakan tono masu baki da ba ka taɓa jin muryarsu ba. 'Yan mata kuwa, in ba ka ware musu lokaci da wuri ba, maza za su cinye filin gaba ɗaya, su kuma su zauna a ɗaki da waya. Ka ba su ranakunsu na ƙwallon raga da tsallen igiya da gaɗa, ka kori 'yan leƙe, kuma kullum malamarsu tana wurin.

Sai maganar lafiya, a nan ba na wasa. Wata shekara na makara, ban zaga fili ba na busa usur. Minti goma da farawa wani yaro ya zame a kan fasasshiyar kwalba da ciyawa ta rufe, tafin ƙafarsa ya tsage. Ni na ɗauke shi a baya zuwa bakin titi, jininsa yana bin wandona. Wata guda bai tsaya a gaban injin ba, kuma laifina ne, ba na kowa ba. Tun daga ranar nake taka filin nan daga raga zuwa raga kafin yaro ɗaya ya shiga, ina duba kwalba da ƙusa da rami. Kai ma haka za ka riƙa yi, ko ina nan ko ba na nan.

Ka je wurin nas ka san masu sikila da masu asma da masu farfaɗiya, ka riƙe a ranka, ba na yaɗawa ba ne. Garin nan yana kan tudu kimanin mita 1,200 daga teku, sanyin Disamba da Janairu ba irin na Kano ba ne. Sanyi da ƙishirwa da gajiya su ke tayar da ciwon mai sikila, ƙurar hunturu kuma tana tayar da asma, don haka ruwan sha ya kasance a bakin fili, mai asma ya zo da abin shaƙarsa a aljihu. Mai farfaɗiya in ya faɗi, ka kawar da abin da zai buge shi, kada a danne shi, kada a tura masa cokali a baki, in ya lafa a juya shi ta gefe. Ka gaya wa yara ba a ɗaukarta ta yawu, don kada su watse su bar shi. In ta wuce minti 5, asibiti. Targaɗe kuwa ka hana masu ja da murzawa: a huta, a sa ƙanƙara cikin tsumma, a ɗaure, a ɗaga ƙafar. Wanda ya bugu a kai har ya ga jiri ya gama wasa ranar, ko ya rantse maka ya warke.

Da damina, da ka ji tsawa ka tashi wasan, ko ana saura minti ɗaya. A shiga gini, ba gindin bishiya ba, kuma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba a koma. In ka fita da su yawo, ko gidan tarihi ko gandun namun daji ko hawan dutse, ka ƙirga su a ƙofa, ka ƙirga a mota, ka ƙirga in an sauka. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield da Bukuru kuwa, ruwansu a kwance kamar ba komai, amma suna da zurfi da laka, sun ci rayuka da yawa. Ko wanke ƙafa ban yarda ba.

Sito ba sai na tsawaita ba. Abin da ya fita a rubuta, abin da ya dawo a rubuta, ƙwallo a rage mata iska in za ta daɗe a ajiye, jesi a wanke a shanya kafin a ninke.

Abu na ƙarshe mai nauyi shi ne tsakaninka da su. Shekarunka ba su fi nasu da yawa ba, za su so ka zama abokinsu. Ka sake musu fuska, amma kada ka ranci kuɗinsu, kada ka ranta musu, kada ka keɓe da ɗaliba ko da a ɗakin wasanni ne da rana tsaka, kada ka yi hira da ita ta waya da dare. Za su gaya maka abin da ba za su gaya wa shugaban makaranta ba, saboda sun gan ka da gajeren wando kana haki tare da su. Wannan amana ce. Sai dai kada ka yi wa kowa alkawarin rufe abin da zai cutar da shi. In ka ga mai kuzari ya koma layi da jan ido, ko ka ji warin maganin tari a bakin wanda bai tari, ko yaro ya sayar da takalminsa ya zuba a cacar ƙwallo ta waya, ka ja shi gefe ku yi magana, ka ce masa za ka kai zancen ga mai ba da shawara, sannan ka kai. Kada ka tozarta shi a gaban 'yan uwansa.

Kofin da kake so, za mu nema, ni ma ina so. In gasar cikin gida ta zauna, kowa yana da inda yake zuwa bayan la'asar, sai mu zaɓo daga ƙungiyoyin huɗu mu nemi wasan sada zumunci da wata makaranta. Amma gobe ga aikinka. Ka karɓo rajistar ɗalibai daga ofis, ka zo da ita fili ƙarfe 4. Ni zan riƙe usur. Kai ka tsaya gefe ka yi alama a sunan duk wanda ka gani, a fili ko a wurin dara ko a ɗakin wasanni. Sunayen da suka rage babu alama, bayan sallar isha'i mu bi su ɗaki ɗaki, ni da kai. Akwai wani siririn yaro sabon zuwa a ajin wayarin, mai jar hular sanyi, kwana uku ke nan ban gan shi a waje ba. Da shi za mu fara.