Marsandi, Fijo da Bakanike: Amsoshin Tambayoyinku kan Kalmomin Mota

Wani mai karatu daga Zariya ya tambaya: “Malam, me ya sa muke cewa jirgin ƙasa da jirgin sama, amma mota ba mu raɗa mata suna na Hausa ba?”

Malam, Bahaushe ya san jirgi a ruwa tun fil azal, saboda haka da dogo ya iso Kano a 1911 sai ya faɗaɗa tsohuwar kalmarsa ya ce jirgin ƙasa. Ita mota da sunanta ta zo a bakin Turawan Ingila, kuma sunan gajere ne, bai yi wa harshe nauyi ba, sai aka karɓe shi. Wasu ma mato suke cewa. Amma ka lura, aikin sarrafa ta bai bar gida ba: tuƙi ake ce masa, kalmar da ake yi wa kwalekwale da tuwo. Shi ya sa matuƙi da direba suke zaune tare, ɗaya ɗan gida, ɗaya baƙo.

Wata kuma daga Katsina ta ce ta ji wai Marsandi sunan mace ne, ko gaskiya ne?

Gaskiya ne, Malama. Bajamushen nan Karl Benz ne ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku mai aiki da fetur a watan Janairun 1886, ita ake ɗauka a matsayin mafarin motar zamani. A wannan lokacin Gottlieb Daimler ma yana nasa ƙirar a Jamus. Wani attajiri mai dillancin motocin Daimler, Emil Jellinek, shi ya sa aka liƙa wa sabuwar motar 1901 sunan 'yarsa Mercedes. Kamfanonin biyu sun haɗe a 1926, aka sami Mercedes-Benz. Marsandi kuwa lafazinmu ne.

Fijo ma haka take. Peugeot sunan wani iyali ne a Faransa, kuma da yake Hausa ba ta rarrabe “p” da “f”, sai sunan ya koma Fijo, kamar yadda aka sami fetur da fasinja. Abin da ya dasa sunan a bakin mutane shi ne kamfanin harhaɗa ta da ya fara aiki a Kakuri, Kaduna, a 1975, inda 404 da 504 suka riƙa fitowa har suka zama motar gwamnati da ta haya a tasha.

Tambaya ta uku ta fi jan hankalina: daga ina bakanike ya samo “ba” ɗinsa? Kalmar Turancin, wato “mechanic”, da “ma” take farawa a kunnen Bahaushe, har yanzu wasu makanike suke cewa. Amma da yake muna da Bakano da Kanawa, Bakatsine da Katsinawa, sai aka ɗauki mai gyaran mota kamar ɗan wata ƙabila: bakanike, kanikawa, sana'arsa kanikanci. A ganina babu aron da ya kai wannan narkewa.

In ka shiga gareji za ka ji wata ƙa'idar. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, sai ta cusa wasali a tsakani: birki, kuloci, fulogi, sitiyari. Kuma kowace kalma da fi'ilinta. Fulogi “ɗaukar wuta” yake yi. In bakinsa ya yi baƙi da hayaƙi ko mai ya jiƙa shi, inji ya riƙa shaƙewa yana karkarwa. Kuloci “cinyewa” yake yi, galibi a hannun direban da ke ɗora ƙafa a kansa yana tafiya. Alamarsa a taka totur, inji ya yi kuka, mota ba ta ƙara gudu ba. Lagireto kuma “tafasa” take in ruwa ya tsiyaye ko fanka ta tsaya, kuma ba a buɗe murfinta da zafi, don tururin yana ƙona fuska. In bakanike ya ce inji ya “buga”, yawanci baƙin mai ne ya ƙare ko ya tsinke har ƙarafa suka ci juna.

Akwai kuma sunayen da muka ƙera da kanmu, irin su akori-kura da a-daidaita-sahu, dukansu jimlar umarni ce ta zama suna. Na biyun daga sahun salla ya fito, ya zama sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, sannan ya liƙe wa babur mai ƙafa uku da aka kawo a zamanin.

Sai mai tambaya kan karin maganar “wanda ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci”, ko tsohuwa ce? Ma'anarta tsohuwa ce, domin magabata sun ce “kwaɗayi mabuɗin wahala”, sun kuma ce “in da kwaɗayi da wulaƙanci”. Amma mota da tasha duk kalmomin aro ne na zamanin Turawa, saboda haka a wannan siga ba za ta girmi ƙarni na 20 ba.