Kan zancen ɗanɗana ƙasa kafin a haƙa rijiya

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun jiya da la'asar, sai da na yi dariya sannan kuma na yi shiru. Wai tunda masu foraj, wato masu haƙa rijiyar burtsatse, sun zo da na'urar awon ƙasa ta waya da batir, me ya sa dattawan gari suka nace sai an kira tsohon mahaƙi ya ɗanɗana ƙasa an yi sadaka kafin a taɓa wurin, ba ɓata lokaci ba ne? To ɗana, zauna.

Ita wannan na'urar ba baƙuwata ba ce. Bayan yunwar 1984 na yi wata biyu ina ja wa wasu masu binciken ruwa waya a gabashin garin Gure a Nijar, ana biyana kullum. Ƙarafa huɗu ake kafawa a layi ɗaya, biyu na gefe su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na tsakiya su auna yadda ya wuce, duk sanda ka ƙara nesanta na gefen sai awon ya ƙara nitsewa ƙasa, shi ya sa muke wuni muna tafiya da waya a rana. Injiniyan ya ce min wani Bafaranshe mai suna Shulumbaje ne ya fara gwada dabarar a 1912. Busasshen rairayi yana tare wuta, ruwan daɗi yana barinta ta wuce kaɗan kaɗan, shi kuwa ruwan zartsi hanya yake buɗe mata gaba ɗaya saboda gishirin da ke ciki. Amma da bakinsa ya faɗa min yumɓu ma haka yake yi, wani lokaci lambar da laka ta bayar ita ce ta zartsi, sai an haƙa ko an tambayi masu tsofaffin rijiyoyi. Ka riƙe wannan.

Shekara goma kafin nan, a 1974, ina saurayi ƙarfi ya cika min jiki, rijiyarmu ta ƙafe, shanun da suka rage mana bakwai ne. Mu samari muka ce a haƙa sabuwa a tsakiyar kwari tunda nan ne ruwa ya fi kusa. Baffanmu, Allah ya jiƙansa, ya sauko da sandarsa ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya sa a harshe, ya tofar, ya ce "ku koma gindin tudu wajen goriba, cikin kwari tukunya ne, rana ce wutarsa." Ba mu ji ba. Gindin tudu gaba shida ne ko fiye, nan kuwa gaba biyu, ga yunwa, wa zai zaɓi wahala. Kwana uku muna yi da dagi da kwando, ranar na huɗu ƙasa ta jiƙe, mata suka yi guɗa, yara na ta tsalle a baki, ni ne a ciki na cika ƙwarya na miƙo sama. Har yau ina tuna fuskar innarmu da ta kurɓa. Ruwan santsi yake a hannu kamar an jiƙa kanwa, aka dafa shayi da shi ya yi baƙi ƙirin, jaki ya sunsuna ya juya. Baffa bai yi mana faɗa ba ko kalma ɗaya, ya dai ce ruwa ba ya tsami banza, washegari da asuba shi ya fara sara a gindin tudun da hannunsa yana da shekara kusan saba'in. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Daga rijiyar nan aka yi wa babanka wankan suna.

Sai da na ja wayar nan na gane tukunyar da yake nufi. Inda ruwa ke kusa da sama rana na zuƙe shi ta bar gishirin, shekara da shekaru yana taruwa, abin da ya ba mutanen Mangari kanwa da mangul kenan, a gefe kuwa ruwan sama ne da rairayi ya tace yake gangarowa sabo. Layin da injiniyan ya zana a takarda kusan inda Baffa ya ja da sanda ne, wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu ba na'urar ba ne, ku yi awo, ku yi sau biyu ma, rani da bayan damina. Gaggawa ce. An sa fanfo mai sola ana ja tun safe har yamma ba mai cewa ya isa, kuma in ka matsa wa ruwan daɗi da ja zartsin da ke maƙwabtaka da shi zai biyo, kai kanka ka ce garkar ƙanenka ta fara farin ɓawo a sama. A da guga ke tsayar da mutum, hannu ya gaji sai a bari rijiya ta huta.

Zancen sadaka kuma, Baffa cewa yake wanda zai shiga rami a fara ciyar da mai yi masa addu'a, sauran bayanin sai ka zo hutu. Kai dai ranar da masu awon za su zo ka je ka ɗauko tsohon a babur, ka sa shi kusa da injiniyan, ya nuna masa duk rijiyar da aka taɓa binnewa saboda ɗaci. Ka gaida mamanka, ka ce mata ƙafar da sauƙi.