Tambaya da Amsa: Wane ƙwaro ne ke yanke rassan yazawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Rassan yazawata suna ta karyewa, kowanne an gwaigwaye ɓawonsa a zagaye kamar an sa masa zobe. Na kama wani baƙin ƙwaro mai dogayen ƙahoni a kan reshe. Wane iri ne, kuma yaya zan yi da shi?
Manomi daga Shika, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka kama shi, domin sai an gane ƙwaro ake sanin maganinsa.

Dogayen ƙahonin nan alama ce ta dangin da masana ke kira Cerambycidae, masu iri sama da 30,000 a duniya. Ɗauko madubin ƙara girma ka duba. Ƙahon yakan kai tsawon jiki ko ya wuce, galibi gaɓoɓinsa 11. Idon kuma ba ƙwallo ba ne, ya lanƙwashe a gindin ƙahon kamar ƙwayar wake. Sannan ka kalle shi ta gefe: idan fuskarsa ta miƙe ƙasa a shafe, bakin na kallon ƙasa, to ɗan gidan Lamiinae ne, wani rukuni a cikin wannan dangi.

Idan tsawonsa ya kusa santimita 5, kuma akwai ratsi 3 masu ruwan goro da suka gitta fukafukansa, Analeptes trifasciata ne, wanda masanin ƙwari Fabricius ya bayyana tun 1775. Har itacen kuka yakan taɓa.

Zoben nan ba cin banza ba ne. Yana tsare ruwan itacen, reshe ya bushe, macen ta sa ƙwai a ɓangaren da ya mutu, tsutsa ta girma a ciki. Shi ya sa wanda ya yi feshi ya bar karyayyun rassa a ƙasa bai yi komai ba.

Kada ka rikita shi da Apate terebrans, shi ma baƙi ne, amma ƙahonsa gajere, kansa a ɓoye, kuma rami yake haƙawa a jikin itace, gari na zubowa.

Tattara duk reshen da aka yi wa zobe, har wanda bai faɗi ba, ka ƙone. Manyan ƙwarin kuwa a tsince su da hannu da sassafe, a kula da bakinsu, yana cizo. Saka guda biyu a kwalba mai sifirit, ka rubuta rana da wuri da sunan itacen da fensir, ka kai Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a tabbatar maka.