Furotin ɗin maniyyi na ɗakin gwaji: tambayoyinku ga Likita

Tambaya: Likita, na ji an ce masana na haɗa furotin ɗin maniyyin ɗan Adam a ɗakin gwaje-gwaje. Ke nan an fara ƙera maniyyi ba namiji?

Amsa: A'a Malam, ba a kai nan ba. Ƙwayar maniyyi ɗaya tana ɗauke da furotin iri-iri har dubbai, kowanne da aikinsa. Masana kan zaɓi guda, su ɗauko bayanin gadon da ke sa jiki ya samar da shi, su dasa a cikin bakteriya ko wasu ƙwayoyin halitta da ake reno a kwalba, su kuma su yi ta samar da shi, sai a tace. Da wannan hanyar ake yin insulin na masu ciwon suga tun 1982. Abin da ke fitowa ba ya iyo, ba shi da wutsiya, ba ya ɗauke da gadon kowa.

Amfaninsa a bincike yake. A 2005 masana a Jami'ar Osaka ta Japan suka gano wani furotin a kan maniyyi, suka sa masa suna Izumo. Ɓerayen da ba su da shi, maniyyinsu na isa ga ƙwai lafiya lau amma ba ya haɗewa da shi. Shekara tara ana neman abokin haɗinsa a jikin ƙwan mace. Sai a 2014 Gavin Wright da Enrica Bianchi na cibiyar Sanger a Ingila suka yi amfani da Izumo na ɗakin gwaji kamar ƙugiya, suka kamo shi, suka kira shi Juno. Har suka ga cewa a ɓera, Juno na ɓacewa daga jikin ƙwai cikin kimanin minti 40 bayan maniyyi ya shiga, abin da ke taimakawa wajen rufe wa na biyu ƙofa.

Tambaya: Likita, shekararmu shida da aure. Gwajin maniyyin maigidana ya nuna adadi da motsi duk lafiya. Sau biyu ana yi mana IVF, wato haɗa maniyyi da ƙwai a ɗakin gwaji, har da allurar maniyyi cikin ƙwai, amma ko ɗaya bai kama ba. Daga ni ne?

Amsa: Hajiya, kada ki yi saurin ɗora wa kanki. Shigar maniyyi cikin ƙwai ba ita ce ƙarshen aiki ba. Ƙwan mace kamar a barci yake, sai an tashe shi. Mai tashinsa wani furotin ne da maniyyi ke shiga da shi, PLC zeta, wanda masana a Kadif ta Birtaniya suka bayyana a 2002. Da ya shiga, sinadarin kalsiyam zai riƙa tashi yana sauka a cikin ƙwan na tsawon sa'o'i, wannan ne ke sa ya fara rabuwa. Idan furotin ɗin ya yi ƙaranci ko yana da tawaya, ƙwai zai zauna shiru, alhali gwajin maniyyi na yau da kullum, mai duba adadi da motsi da siffa, bai ga komai ba. An fi ganin haka ga maza masu maniyyi mai zagayayyen kai.

Matsalar tana iya zama daga ƙwan ma, don haka ba na yanke hukunci daga wasiƙa. Amma a nan ne PLC zeta na ɗakin gwaji ya ba da fata: an yi wa ƙwan ɓera da na mutum allurarsa a bincike, kuma sun farka. Bai zama maganin asibiti ba tukuna, domin idan ya yi yawa yana lalata ci gaban ɗan tayin. Abin da wasu cibiyoyi ke yi yanzu shi ne tada ƙwai da wani sinadari mai ɗaga kalsiyam. Ku tambayi likitanku ko kun dace da shi, kuma ya faɗa muku iyakar abin da aka sani game da shi. Allah Ya kawo masu albarka.

Tambaya: Na ga ana sayar da furotin ɗin maniyyi na ɗakin gwaji a intanet. In na sha ko na yi allura, maniyyina zai ƙaru?

Amsa: Kul! Waɗannan ƙananan kwalabe na masu bincike ne, ba a tantance su don jikin mutum ba. In ka sha, ciki zai narkar da shi kamar kowane furotin. In ka yi allura, ka nemo wa kanka rikicin garkuwar jiki. Haka nan allurar testosteron, sinadarin mazakuta, da wasu ke yi a ɓoye, rage maniyyi take yi, wani lokaci har ya ɗauke ƙaf. Je ka yi gwaji bayan kwana 2 zuwa 7 ba saduwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙasan adadi a miliyan 16 cikin kowace mililita. In sakamako bai yi kyau ba a maimaita bayan wata uku, domin ƙwayar maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala.