Amsa: dpkg ya ƙi girka fayil ɗin .deb

Ka ce ka sauke .deb (fayil ɗin girka manhaja a Linux irin su Ubuntu) ka buga umarnin dpkg -i don girka shi, sai ya tsaya yana cewa akwai fakitocin da manhajar ke buƙata da babu. Ɗan'uwa buga sudo apt update, sannan sudo apt -f install, zai jawo abin da ya rage ya ƙarasa girkawar. Nan gaba kuma yi sudo apt install ./fayil.deb kawai, amma kar ka manta ./ ɗin nan.

Dalili, shi dpkg baya leƙa intanet, abin da ka miƙa masa kaɗai yake buɗewa, apt ne mai nemo sauran. Sai dai don Allah karanta abin da apt ya ce zai yi kafin ka danna Y na amincewa, na sha ganin fayil na Ubuntu 24.04 an kai shi kan 20.04, sai apt ya ce cire shi zai yi, in ka ga haka koma ka sauke wanda ya dace da Ubuntu ɗinka.