PMP, PRINCE2 ko Project DPro: wane satifiket ne zai kai ni kujerar manaja?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ina da digiri a fannin tattalin arziki daga Jami'ar Jos, kuma shekara shida ke nan ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a Abuja, inda nake kula da shirin haƙa rijiyoyin burtsatse da horar da mata a wasu ƙauyuka. Sau biyu ana tallata kujerar manajan shiri a ofishinmu, sau biyun kuma sai a ɗauko wani daga waje mai satifiket na gudanar da ayyuka. Abokan aikina kowa da tasa shawarar: wannan ya ce PMP, wancan ya ce PRINCE2, wani kuma ya ce yanzu Scrum ake yayi. Abin da na tara ba zai ishe ni biyu ba. Wanne zan yi?

Daga wata mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Bisa abin da kika bayyana, shawarata ita ce ki nemi PMP. Sai dai zan kawo dalilaina dalla-dalla, domin da wani ne ya aiko da wannan tambaya, misali ɗan bautar ƙasa da ya gama bara, da amsar ta bambanta.

Waɗannan takardu ba abu ɗaya suke shaidawa ba. PMP, wato Project Management Professional, shaidar ƙwarewa ce a gudanar da ayyuka ta cibiyar PMI (Project Management Institute), wadda aka kafa a Amurka a 1969, ta kuma fara ba da wannan shaida a 1984. Abin da ya sa masu ɗaukar ma'aikata ke girmama ta shi ne ba a barin mutum ya zauna jarrabawar sai ya nuna cewa ya riga ya jagoranci aiki da hannunsa. Mai digiri ana buƙatar ya kawo wata 36 na jagorancin ayyuka, mai takardar sakandare kawai kuwa wata 60, sannan kowannensu ya ƙara da horo na awa 35. Ke nan PMP shaida ce ta abu biyu a lokaci guda: kin yi aikin, kuma kin san ƙa'idarsa. Shekara shidan da kika yi kina fama da 'yan kwangilar burtsatse da masu unguwanni da rahoton masu ba da tallafi jari ne, kuma a cikin takardun da aka ambata miki ita kaɗai ce take lissafa wannan jari.

PRINCE2 kuwa hanya ce ta tafiyar da aiki wadda gwamnatin Birtaniya ta fitar a 1996, yanzu tana hannun kamfanin PeopleCert. Tana da mataki biyu, Foundation da Practitioner, kuma ba a tambayar shekarun aiki kafin a shiga matakin farko. Ƙarfinta yana wajen tsari: wane ne ke amincewa da kashe kuɗi, yaushe manaja zai koma wa kwamitin da ke sa ido, da yadda ake raba aiki zango-zango ta yadda ba za a shiga sabon zango ba sai an tabbatar har yanzu aikin yana da amfanin da aka fara shi dominsa. Tsari ne mai kyau, ina kuma ganin darajarsa a wuraren da ke da alaƙa da Birtaniya ko Turai. Amma mutum zai iya riƙe ta alhali bai taɓa sallamar ko da leburan gini ba, kuma masu tantance takardun neman aiki sun san da haka. Akwai wani sauƙi da ya kamata ki sani: mai PMP ana yarda ya tsallake Foundation ya wuce kai tsaye zuwa Practitioner, saboda haka idan wata rana kika buƙace ta, kin rage wa kanki jarrabawa ɗaya.

Scrum ba zan daɗe a kanta ba. Ta yi ƙarfi ne a tsakanin masu ƙera manhaja, inda ake aiki mako biyu-biyu ana gwadawa ana gyarawa. In ba kina shirin komawa kamfanin fasaha ko sashen manhaja na banki ba, ki bar ta tukuna. Ita kanta jarrabawar PMP, a tsarin da aka fito da shi a Janairun 2021, kusan rabin tambayoyinta a kan irin wannan salon aiki suke, ko gaurayensa da tsohon salo na tsara aiki gaba ɗaya tun daga farko, don haka ba za ki fito hannu rabbana ba.

Akwai ta huɗu wadda abokan aikinki ba su ambata ba, alhali ita ce aka yi domin fanninku. Sunanta Project DPro, da can ana kiran ta PMD Pro, ƙungiyar PM4NGOs ce ke kula da ita. Littafinta kyauta ake saukewa a intanet, kuɗin jarrabawarta kuma bai kama ƙafar na PMP ba. Da harshen ma'aikatan raya karkara take magana: jadawalin manufa da sakamako, bibiya da auna tasiri, hulɗa da masu ba da tallafi da al'ummar da ake yi wa aiki. Da a ce kina da tabbacin a ƙungiyoyin agaji za ki ƙare aikinki, da na ce ki fara da ita. Abin da ya sa ban ce haka ba kowa a Abuja ya gani da idonsa: tun farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID, daga baya ta rufe hukumar, shirye-shirye da dama sun tsaya, ma'aikata kuma suka shiga neman aiki a kamfanonin gine-gine da sadarwa da bankuna. Manajan ɗaukar ma'aikata a irin waɗannan wurare da wuya ya san DPro, amma ya san PMP. Ki karanta littafin DPro ɗin don amfanin kanki, tunda ba ko kwabo za ki kashe ba, jarrabawarta kuma ta jira sai aljihu ya huce.

Duk da haka, kada ki ɗauki maganata ko ta abokan aikinki ba tare da kin gwada ba. Ki tattara tallan guraben aiki ashirin ko talatin na irin kujerar da kike so, a wuraren da za ki yarda ki yi aiki, har da tallan nan biyu na ofishinku, ki ƙirga sunan takardar da aka fi ambata, ki kuma lura da inda aka ce wajibi ce da inda aka ce ƙari ce kawai. Aikin yamma ɗaya ne. Idan sakamakon ya saɓa wa abin da na faɗa, ki bi sakamakon, domin kasuwar da za ki shiga ita ce alƙali.

Yanzu ga inda na fi ganin mutanenmu na asarar kuɗi. A Wuse da Garki da sauran unguwanni akwai cibiyoyi masu tallan kwas na kwana biyar, a ƙarshe su miƙa wa mutum takarda mai ado da sunan PMP a jiki. Wannan takardar halarta ce. Iyakar amfaninta shi ne ta cika sharaɗin awa 35. Shaidar PMP ta gaskiya PMI kaɗai ke ba da ita bayan an ci jarrabawa, kuma tana da rajista a intanet inda kowane mai ɗaukar ma'aikata zai iya duba sunan mai ita. Na sha ganin takardar neman aiki da aka rubuta PMP a bayan suna, ana tambaya sai a ji kwas kawai aka halarta, kuma daga nan hirar ta mutu, domin wanda ya ƙara gishiri a kan takardarsa ba a damƙa masa kasafin miliyoyi. Kafin ki biya kowace cibiya, ki tambaye su ko suna cikin waɗanda PMI ta amince su ba da horo, ki duba da kanki, sannan ki nemi su rubuta miki abin da kuɗin ya ƙunsa, don sau da yawa kuɗin jarrabawa ba ya ciki. Wanda kuma ya ce zai sayar miki da tambayoyin da za su fito, ko ya zauna a madadinki, ki guje shi, don PMI na soke shaidar wanda aka kama.

Cike takardar neman shiga jarrabawar ma wani aiki ne da ake rainawa. PMI tana bambanta aiki mai farko da ƙarshe da kuma aikin yau da kullum. Haƙa rijiya goma sha biyu cikin wata tara da kasafi ƙayyadadde aiki ne mai wa'adi, zai shiga lissafi. Rubuta rahoton wata-wata ba zai shiga ba. Ba dole sai sunan muƙaminki ya kasance manaja ba, abin da ake dubawa shi ne ko ke kika tsara, kika rarraba aiki, kika bi kuɗi da lokaci, kika rufe. Idan ayyuka biyu sun gudana a watanni ɗaya, sau ɗaya ake ƙirga watannin. Ana kuma zaɓar wasu masu nema a bincike su, a nemi kwafin digiri da sa hannun shugabannin da suka yi aiki a ƙarƙashinsu, saboda haka ki tuntuɓi tsofaffin shugabanninki tun yanzu, kada ki rubuta abin da ba za su sa wa hannu ba.

Game da kuɗi, da dala ake biya, ɗaruruwan daloli, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kin san abin da hakan yake nufi ga mai albashi. Mamban PMI yana samun ragi a kuɗin jarrabawa, ya kuma sami littafin PMBOK, wato kundin ƙa'idojin gudanar da ayyuka na PMI, kyauta a kwamfuta, don haka ki haɗa lissafin hanyoyin biyu, wato biya a matsayin mamba ko ba mamba ba, a shafinsu ranar da za ki biya. Ki sa a ranki cewa shaidar tana buƙatar sabuntawa duk shekara uku, da awa 60 na ƙarin ilimi da wani ɗan kuɗi. Kuma kafin ki taɓa ajiyarki, ki rubuta wa shugabanki takarda ki nemi ofis ya ɗauki nauyin horon ko rabinsa, domin ƙungiyoyi da yawa suna da kason horar da ma'aikata a kasafinsu wanda shekara ke ƙarewa ba a taɓa ba. Amsar da za a ba ki ma za ta nuna miki ko rashin satifiket ne da gaske ya hana ki kujerar, ko akwai wani dalili da ba a faɗa miki ba. Yana da kyau ki tambayi wannan kai tsaye, cikin ladabi.

Idan kuma hankalinki ya karkata ga aikin gwamnati ko kwangilolinta, akwai cibiyar CIPMN ta manajojin ayyuka ta Nijeriya wadda doka ta kafa a 2018, sai ki duba sharuɗɗan rajistarta. Sanin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 shi ma zai yi miki amfani a can.

Ga wanda bai cika wata 36 ba, PMI tana da ƙaramar shaida mai suna CAPM, wadda horon awa 23 da takardar sakandare suka isa a shiga. Ke kin wuce nan, kada wani ya sa ki biya sau biyu.

Jarrabawar kanta, a tsarin 2021, tambaya 180 ce cikin minti 230, yawancinsu labarin wani yanayi ne a ce me manaja zai fara yi. Hadda ba ta fitar da mutum. PMI takan sabunta tsarin, saboda haka ki sauko da jadawalin da ke aiki a ranar da kika zaɓa kafin ki sayi kowane littafi. Mai aiki irinki, mai fama da cunkoson hanyar Kubwa safe da yamma, ina ganin wata uku zuwa huɗu sun ishe ta, awa ɗaya bayan asuba da zama mai tsawo ranar Asabar, tare da cikakkiyar jarrabawar gwaji aƙalla sau uku, agogo na tafiya. Ana iya zana ta a gida ta intanet ƙarƙashin sa idon kyamara, ko a cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar. Ni dai cibiya nake ba da shawara, domin kusan awa huɗu ana jingine da wutar NEPA da intanet ɗin gida kasada ce da ba ta kamaci wadda ta biya da dala ba.